Kwamfutar Baba Issaka Ta Tafi Biki

Ranar farko da na ga kwamfuta a cikin kwamfuta, kibiyar maus ta maƙale mini a ciki. Masta Yakubu ya fita sallar azahar, ya bar laftof ɗinsa a buɗe, ya ce kada in taɓa. Ni kuwa aka ce wa kada in taɓa. A tsakiyar allon akwai wata 'yar taga, a cikin tagar kuma ga wata kwamfutar sukutum, da hotonta na koren tudu da shuɗin sama, irin na zamanin da babana yake da gashi. Na kai kibiya na danna. Shi ke nan, kibiya ta shiga ta ƙi fita. Na ja dama, ta bugi bango. Na ja hagu, ta bugi bango. Na ɗaga maus na girgiza, na hura masa iska a gindi, na tofa masa ɗan abin da na iya. Da na jiyo takun Masta, sai na yi abin da kowane babban injiniya yake yi idan ilimi ya ƙare: na fizge wayar wuta daga bango. Laftof yana da batir, ko ƙiftawa bai yi ba. Abin da ya mutu shi ne fankar Masta, da rediyonsa, da kwamfutar tebur da ke tsakiyar zuba wa wayar wani kwastoma manhaja. Masta ya shigo, ya dube ni, ya dubi fanka, ya sa yatsa ɗaya ya taɓa maɓalli ɗaya, kibiya ta fito kamar ba ita ba. Sauran yatsun kuma ya sauke su a ƙeyata.

Na tona wa kaina wannan asiri ne saboda ku, Sadik da sauran sababbin yaran da Masta ya kwaso bana, masu zama a bakin kontenar shagonmu ta Maamobi kuna tauna cingam kuna cewa aikin nan danne-danne ne kawai, kun gani a bidiyo. Kun gani a bidiyo! Ni ma na ga ana tuƙa jirgin sama a bidiyo. Shekarata goma sha bakwai, amma a wannan sana'a ni dattijo ne, gemu ne kawai ya makara a hanya. Ku tofar da cingam ku saurara.

Ga abin da muke yi, ga wanda bai sani ba. Yawancin injinan da ke ciyar da mutane a unguwannin Nima da Maamobi tsofaffi ne, an gama cin moriyarsu a Turai an lodo mana su a jirgin ruwa. Injin yankan sitika, injin buga katin biki, keken surfani. Ƙarfen lafiyarsa lau, shi zai binne mu duka. Amma kowanne manhaja ɗaya tak yake jin maganarta, ita kuma manhajar ba ta zama sai a cikin tsohon sistem, wanda masu shi suka yi masa sallama tun ina rarrafe. Sabuwar kwamfuta ba ta san shi ba, ba ta kuma son saninsa. To idan tsohuwar kwamfutar ta mutu, sai a kira mu, mu yi abin da kowane mai gidan haya a Nima ya iya tun daga ciki: mu sa katako mu raba ɗaki. Mu yanka wa tsohon sistem ɗan lungu a cikin sabuwar kwamfuta, mu shimfiɗa masa tabarma, mu ajiye masa buta, mu shirga masa ƙarya cewa gidan duka nasa ne. Shi kuma ya yarda, ya ci gaba da ba injin umarni kamar duniya ba ta motsa ba. Masta yana ce wa wannan lungu bi-em. Ni ɗakin haya nake ce masa, tsohon da ke ciki kuma Kaka.

Kayan aikin ba su da kwarjini, shi ya sa kuke raina su. Akwai jakar faya-fayan Masta, wadda ta girme ku, kowane faifai rubutunsa ya goge, Masta kaɗai ya san wanne ne wanne, ina zaton da hanci yake ganewa. Akwai tsohon buroshin haƙori na kakkaɓe ƙura. Akwai faifan ajiya na waje, ɗan baƙi kamar sabulun salo, wanda muke kwafe Kaka a ciki. Sai uwa uba wayoyin haɗi. Tsofaffin injina bakinsu mai faɗi ne cike da haƙora, sabon laftof kuwa ɗan tsukakken rami gare shi, dole sai an sami 'yar wayar da za ta yi musu tafinta. A kasuwar Sakul ake sayenta, kuma cikin kowace goma da mai kanti zai rantse maka har da hawaye cewa ta gaske ce, goma sha ɗaya na bogi ne. Sannan ga dokokin zama da Kaka. Ka ba shi wuri kaɗan, ya yi fushi ya daskare. Ka ba shi da yawa, mai gidan ya shaƙe. Kada ka kuskura ka buɗe masa intanet, don tsohon ba a yi masa rigakafin komai ba, kafin ka waiga ya kwaso duk cutar duniya har da wadda ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Aikin Baba Issaka ya zo mana a muguwar shekara, shekarar da wutar lantarki ta mai da mu abin wasanta. A kawo, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi ta ƙone abin da ta tarar, a sake ɗaukewa. Ga ruwa kuma: babbar kwata ta cika ta shigo kontena, ta tafi da kwalin cajoji da takalmin Masta ƙafa ɗaya. Yaran da muka fara koyo tare duk suka tsere, wasu suka koma tuƙa okada, wasu suka koma bes, majalisar samari, suna shan shayin ataya suna gyara duniya da baki. Ni kaɗai na rage, ba don haƙuri ba, don babata ta san hanyar shagon. Ana cikin haka wata safiya wani saurayi mai ƙaton agogo ya leƙo ya ce, "Masta, tsohona ya ce in kira ku. Ni dai na gaya masa ɓata lokaci ne." Masta yana fama da shanya kayan da ruwa ya jiƙa, sai ya tura ni.

Sunan saurayin Mutala, ɗan Baba Issaka mai surfani. Shagon uban yana Nima, a wani lungu bayan mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Kana shiga keken ne zai fara tare ka, keken surfani mai kai huɗu, tsawonsa ya kai trotro, motar hayarmu, nauyinsa ya kai trotro da fasinjojinta da akuyar da ke sama. Baba ya fi shekara ashirin yana ci da shi. A kusurwa kuma ga gawa: tsohuwar kwamfuta fara da ta koma ruwan koko, da allo mai ƙeya kamar tukunyar suna. Wuta ce ta dawo da fushi ta soya ta, ƙaurin bai gama fita ba.

Na durƙusa na gaida Baba. Dogo ne siriri, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Ya dube ni daga sama har ƙasa, bai daɗe ba tunda ba nisa.

"Ina mastan naka?"

"Yana aiki, Baba. Ni ya aiko."

"Kai? An yaye ka kuwa?"

"Bara, Baba."

Mutala bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ka ji abin da na faɗa tun farko. Kwamfutan ya mutu, keken ma ya bi shi. 'Yan kondem suna ta zagaye. Mu fid da ƙarfen nan, in zuba kayan waya a wurin, kai kuma ka huta." 'Yan kondem su ne masu tura kura lungu-lungu suna sayen duk ƙarfen da ya gaji, su kai a farfasa.

Baba ya juya. Ya nuna wani tsaunin yadi ruwan hoda da ke kan benci, ya ce, "Yayin Hajiya Memuna fa?"

Yayi shi ne yadi iri ɗaya da mata suke ɗinkawa su sa ranar biki. Hajiya Memuna kuwa ita ce magajiyar babbar ƙungiyar matan unguwar, autarta za ta yi aure, kuma tun da aka kafa ƙungiyar Baba ne yake yi musu surfanin wuya da na hannu. Su suka riƙe shagon, don sauran kwastomomi tuni sun koma wajen masu sababbin kekuna a unguwar Tudu. Nan a gabana uba da ɗa suka ƙulla sharaɗi kamar ni ne alƙali. Idan yayin Hajiya ya fita kafin biki, keke ya zauna, Mutala ya ja bakinsa ya ɗinke. Idan bai fita ba, keke ya bi 'yan kondem.

Na kwance gawar. Komai ya toye, amma faifan cikinta, inda take ajiye duk abin da ta sani, yana da sauran numfashi. Na rungumo shi zuwa Maamobi kamar jaririn da aka ba ni riƙo. Yana juyawa yana ƙaras-ƙaras kamar kare da ƙashi, ni kuma ina lallashi, har na kwashe shi tas: sistem ɗin, manhajar keke, da zanukan Baba na shekara da shekaru, na wuya, na hannu, na gaban riga, kowanne da sunan da ya raɗa masa. Duk suka dunƙule suka zama fayil guda, ƙato. Wannan shi ne abin da ba ku gane ba, ku 'yan bidiyo. Kaka da ɗakinsa da tabarmarsa da duk abin da ya mallaka, daga waje fayil ɗaya ne rak. Wanda bai sani ba zai gan shi kamar buhun shara da ya tare hanya. Da na gama na mayar da tsohon faifan cikin gawar na mayar wa Baba, don dokar Masta ce, ko ƙusar kwastoma ba ta kwana a shagonmu bayan aiki.

Sabon gidan Kaka laftof ne na hannu da muka samo a Sakul, siriri, ruwan azurfa, yana sheƙi kamar tiren amarya. Ni na zaɓe shi, ina ta yi wa kaina kirari. Kaka ya farka a ciki ya firgita, ya shuɗe allo, ya suma. Na tashe shi, ya sake suma. Na yi ta rage masa wannan ina ƙara masa wancan har ya yarda ya zauna. Wayar haɗi ta farko ba ta yi ba, ta biyu ta yi zafi kamar ƙosai, ta uku ce ta yi magana da keke. Na ɗauka an gama, na kira Baba ina washe baki. Ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Baba. Shi ne dai, gida ya sake."

"Nawa, hoton allura yana nan ƙasa wajen hannun dama. Wa ya kai shi can?"

Ashe manhajar da Jamusanci take, Baba kuma ko harafi ɗaya ba ya karantawa a ciki. Wurin kowane maɓalli ya haddace, kamar yadda kuke shiga ɗakinku cikin duhu. Faɗin sabon allo ya warwatsa masa kaya. Dole na matse Kaka ya koma ɗan murabba'i kamar da, da baƙin fili hagu da dama, laftof mai tsada ya koma kamar talabijin ɗin gidan marigayi. Sai ga hannun Baba yana tafiya da kansa. Ya danna nan, ya danna can, keke ya yi tari, kawuna huɗu suka sauka tare, tatatata, har kwanon rufi yana amsawa. Lungu duka ya fito. Mai waakye ta ƙara mini ƙwai ban roƙa ba. Baba ya dafa kaina ya ce, "To, an yaye ka." Mutala ya duba agogonsa ya fita.

Kafin in tafi na yi abin da littafi ya ce. Na kwafe Kaka a ɗan baƙin faifai na miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Baba, duk abin da ke cikin laftof akwai irinsa a nan. A kulle shi a wani wuri. Kuma laftof ɗin nan ba na kallo ba ne, na keke ne. Kada a ba kowa."

Ya yi mini kallon yaron da ya faɗi shirme a gaban baƙi. "Wa zai ara? Tun da nake ba wanda ya taɓa aron kwamfutata."

Gaskiya ya faɗa, kuma daidai nan ilimina ya tsaya. Ba wanda ya taɓa aron tsohuwar saboda sai da kura ake ɗaukarta, muninta kuma zai kori baƙi. A Zongo irin namu kuwa duk abin da hannu ɗaya zai iya ɗauka ba naka ba ne kai kaɗai. Tsani, turmi, kujerun roba, babbar tukunya, takalmin zuwa neman aiki, duk na unguwa ne, ajiya aka ba ka. Ranar da ka hana aro, za a riƙa ba jikokinka labari. Ni da aka haifa a nan, wanda rigar sallarsa ta je suna uku ba tare da shi ba, na ɗauki shekara ashirin ɗin mutum na zuba a cikin abu mai sheƙi da ake saƙalawa a hammata.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya zauna ya zana wa bikin sabon zane, ganye yana bin ganye har ya zagaye wuya. Hajiya Memuna ta zo duba samfur, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa, awarwaronta na biye. Ta ɗaga rigar a haske, ta juya ta, ta ja zaren da farce.

"Issaka, wannan ya yi. Kada in gan shi a wuyan kowa kafin ranar, ko matar gwamna ce." Sai ta juyo kaina. "Kai ne yaron da ya tashi mataccen? Allah ya yi albarka. Amma ka riƙa cin abinci, ka yi kama da allurar keken."

Aiki ya kankama, tsaunin yadi ya fara raguwa, har ya kai wajen rabi.

Sai Fuseini ya ji labari. Fuseini mijin 'yar Baba ne, mai ɗaukar bidiyon biki, mutumin da yake sa baƙin gilashi ko cikin masallaci ne in an bar shi. Tasa kwamfutar ta lalace, ga shi da babban aiki a Kasoa ƙarshen mako. Bai zo da kansa ba, ya fi haka wayo. Matarsa ya turo ranar Juma'a, daidai lokacin da Baba yake rufe shago. Asabar da Lahadi kawai, in ji ta, dama ai keke yana hutawa. Ku gaya mini dattijon da zai dubi 'yarsa ya ce ta koma ta gaya wa mijinta an hana. Baba ya naɗe laftof, ya sa a jaka, ya sa caja, ya sa maus.

Ranar Litinin da safe aka aiko in zo maza. Na tarar laftof ya dawo lafiya, har an goge shi. Na buɗe. Fuskar Fuseini ce ta cika allon, da gilashi, yana nuna ni da yatsa biyu. Na nemi Kaka, babu. Na duba inda na ajiye shi, na duba inda ban ajiye shi ba, na duba kwandon shara, wayam. Ban tsorata ba tukuna. Na yi murmushin manya na ce, "Ba komai, Baba. Kawo ɗan baƙin nan da na ce a kulle."

"Yana cikin jakar."

"Wace jaka?"

"Jakar laftof mana."

"Baba, na ce a kulle shi!"

"Na kulle. Da zan bayar na buɗe na haɗa masa. Zan ba surukina abu rabi-rabi ne, ya ce na ɓoye masa wani abu?"

Ana haka sai ga Fuseini da kansa, ya zo karɓar godiya. Ya gaida Baba, ya buga mini kafaɗa.

"Cale, mutumina, ka ga aikina? Na ma gyara muku shi. Wani ƙaton fayil ne ya cinye wurin duka. Na danna shi, ba waƙa, ba fim, ba ya yin komai koraa, ko kaɗan. Na share shi."

"Faifan fa?"

"Shi ma irin sharan ne a ciki. Na wanke shi na zuba bikin. Ei, ka ga amaryar kuwa? Hoto tar, har gashin ido kana ƙirgawa."

Na dubi Baba ina jira ya ɗauki almakashi. Kun san abin da ya yi? Ya tambayi Fuseini ya hanya, ya gajiyar biki, ya ce a gaida mutanen gida. Sai da surukin ya fita sannan ya zauna a kan benci, ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu.

Sadik zai ce ai abin da aka share ana dawo da shi, ya gani a bidiyo. Ana dawo da shi, gwani, idan ba a zuba wani abu a kansa ba. Fuseini kuwa rawar kwana biyu ya juye a kai. Na wuni ina tono da duk manhajar tono da Masta yake da ita. Abin da na tono shi ne wata gwaggo cikin koren leshi tana juyi ana yi mata liƙi, daidai inda zanukan Baba suke kwance a da.

Saura tsohon faifan da na mayar cikin gawa. Na tambayi inda gawar take, Mutala ya ce ai tun makon da keke ya tashi ya ba 'yan kondem, tana tare masa hanya. Na hau trotro sai Agbogbloshie, inda 'yan kondem suke kai kayansu. Na ratsa masu doya, na ratsa masu albasa ina hawaye ba tare da an mutu ba, na kai inda samari suke zaune da guduma suna fasa duk abin da Bature ya taɓa ƙerawa. Na ce ina neman wata kwamfuta fara da ta koma ruwan koko. Wani ya share gumi ya nuna mini tsibin da ya fi masallacin unguwarmu tsawo, ya ce, "Oga, duk nan ruwan koko ne. Zaɓi." Wani kuma ya buɗe mini buhu cike da faya-fayan ciki, kowanne an ɓare shi an zare maganaɗisun. Na dawo Nima ina warin hayaƙi da albasa, ko kare bai bi ni ba.

Abin da ya rage shi ne a gina Kaka daga tushe. Sistem ɗin yana cikin jakar Masta, wannan ba wuya. Manhajar keken ce babu. Kamfanin ya daɗe da mantawa ya taɓa yin ta. Masta ya yi ta kiran waya har aka samo wani mutum a Zongon Kumasi mai irin keken, ya ce zai turo. Gobe in Allah ya so. Gobe ta yi, ya tafi jana'iza. Ya dawo, yaron da ya san inda faifan yake ya tafi ƙauye. Biki kuwa yana ta matsowa, keke yana tsaye da zare ruwan gwal a allura.

Hajiya Memuna ta zo da mata biyu da babban kwano. Ta ɗaga riga mai surfani da hannun dama, ta ɗaga marar surfani da hagu.

"Issaka, rabinmu za su je da wuya, rabi ba wuya?"

"Hajiya, a ƙara mini ɗan lokaci. Ko da ƙaramin keke ne zan bi zanen da hannu."

"Da waɗannan idanun? Ya fito iri biyu, a ce ƙungiyar Memuna ta kasu masu gata da 'yan rakiya, a bikin autata?" Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Ba fushi nake da kai ba. Tare muka tsufa. Amma an riga an raba goro." Ta juya ga matan ta ce, "Ku kwashe."

Suka kwashe har ƙyallen da ya faɗi ƙasa. A Tudu aka yanke wuyan da Baba ya gama, aka yi wa kowa wani zane da ya fito kamar ƙadangaren da mota ta taka. Amma iri ɗaya ne a wuyan kowa, kuma shi ake nema.

Tun daga ranar, duk inda zan saka Kaka, sai na fara ɓata wa kwamfutar kyau. In cire batir, yadda ana zare waya za ta mutu. In ɗaure ta da ƙusoshi a jikin tebur. In manna mata baƙin tef gicciye a murfi kamar ta taɓa karyewa, in ɓalle maɓalli biyu da ba a amfani da su, in kashe lasifika. Sannan in saita ta yadda ana kunnawa Kaka ne zai cika allo da koren tudunsa, mai aro ya leƙa ya ce Allah ya sauwaƙe, ya tafi gidan gaba. Kwafin kuma ba na ba mai kaya. Dokar Masta sai ta yi haƙuri, yana can saman kanta a kontenarmu, inda ruwa ba ya kaiwa, mai kayan ma bai san da shi ba, balle ya yi wa wani kara da shi. Wani mai buga kati a Adabraka ya kusa kuka da ya ga abin da na yi wa sabuwar kwamfutarsa, ya ce na lalata masa dukiya. Na ce masa yana da suruki? Ya ce uku. Na ce to a ƙara tef. Wannan ne rabin sana'ar, Sadik, kuma ba ya cikin bidiyonka, don wanda ya yi bidiyon ba shi da maƙwabta.

Manhajar Kumasi ta iso bayan biki. Na haɗa komai, Kaka ya tashi lafiya, kowane maɓalli yana wurinsa. Na ɗauki laftof na tafi Nima, na tarar an cire ƙofar shagon da wani gefen bango, don keken ya ƙi fita ta ƙofa. A nan cikin lungun suka farfasa shi suka loda a kura. Mutala yana ciki da kafinta suna auna inda za a kafa kanta. Ya karɓi laftof ɗin, yanzu da shi yake zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Baba Issaka yana zama a shagon wani tsohon yaronsa a nan Maamobi, yana sa maɓallin riga yana datse zare. Kwafin da na haɗa yana faifan shagonmu, babu zane ko ɗaya a cikinsa. Idan aka buɗe shi, manhajar takan ɗan jira, sannan ta fito da saƙo da Jamusanci. Masta ya ce ma'anarsa a duba waya, ba a ga keke ba.